Farin Sa Biyu a Kaset Ɗaya

Shafi na 19

Na ga saƙonninku, har da na Anti Luba da ta ce in wani abu ya sami Dikko ta daina gaishe ni. Nemi wuri ki zauna, Anti. Ni ma ba ni labarin aka yi.

*

Ranar kasuwar Burumburum ce, cikin kakar 1997, amma tun hantsi babu mai zancen farashin dawa ko na akuya. Zancen Dikko ake yi.

Shirin *Gwanin Karkara* dai kun san shi. Samari goma sha biyu gidan talabijin ya ɗebo daga Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, kowane mako a ba su aikin ƙarfi a sallami ɗaya. Yanzu saura uku, kuma Dikko na rugar bayan gari yana ciki. A shirin shekaranjiya aka nuna wani sa ya soke shi a cinya wajen gasar kamun sa a Doguwa, jini ya jiƙa wando sharkaf. Sai alƙalai suka yafe masa tseren ɗaukar buhu, suka wuce da shi zagayen ƙarshe. Ɗahiru na Dangora, da ya zo na baya a tseren, shi aka sallama.

Baturiya, uwar Dikko, tana zaune da ƙwaryar nononta a bakin rumfar Lawal mai bidiyo. Nan take zama kullum saboda inuwa da masu saye. Yau ta so ta sauya wuri, sai ta tuna in ta sauya za a ce don me.

Dikko ɗan farinta ne. Shekara ashirin da huɗu ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba Dikkon ba, ba Rufa'in da aka raɗa masa ranar suna ba. "Wancan" take cewa. In an yabe shi a gabanta ta kau da kai, in an zage shi ta ci gaba da dama furarta. Haka uwarta ta yi, haka kakarta ta yi, kuma ita ba ta ga abin da zai sa a ce a kanta kunyar Fulani ta ƙare ba.

Lawal ya ɗauki shirin a kaset, yau karo na huɗu ke nan yana sakawa. Janareto na ƙara, rumfa ta cika har ana leƙe ta ramukan zana. Daga inda Baturiya take, rabin talabijin ɗin take hangowa ta tsakanin ƙafafun mutane, tana yi kamar ludayi take dubawa.

"Lawal, tsayar da shi nan."

Baffa Buba ne, tsohon dillalin shanu, wanda ake cewa daga tafiyar saniya yake faɗa maka shekarunta.

"Haba Baffa, bari mu ga wajen jinin mana," in ji wani.

"Jinin ba zai gudu ba. Mayar baya kaɗan."

Lawal ya danna. Mutanen cikin akwatin suka riƙa gudu da baya, yara na dariya. Ya tsayar, hoton ya tsaya yana rawa.

Buba ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin.

"Wannan san da ya fito da gudu. Ƙahonsa na dama, a miƙe yake ko a sunkuye?"

"A miƙe."

"Kunnuwansa fa?"

"Lafiya lau."

"To, sake shi."

Sa ya yi kan Dikko, ƙura ta tashi, hoton ya koma kusa. Ga Dikko a ƙasa riƙe da cinya, ga kan sa a saman kafaɗarsa.

"Tsaya. Wannan fa?"

Kowa ya zuba wa hoton ido.

"Ƙahon dama ya sunkuyo," wani makiyayi ya faɗa a hankali. "Kunnen hagu kuma da tsaga biyu."

"Tsagar gidan wa ce wannan?"

"Ta gidan marigayi Hamidu."

"Wallahi Maraya ne."

Ai kuwa sai rumfa ta hautsine. Na zaune suka miƙe, na waje suka danno, Lawal ya rungume bidiyonsa kar a ture. Babu wanda bai san Maraya ba a Burumburum. San gidan su Dikko ne, uwarsa ta mutu yana kwana uku, Dikko ya raine shi da hannu. Sa ne da yara ke hawa, yana bin Dikko har bakin masallaci ya tsaya ya jira shi. A ce Maraya ya soki Dikko, ai sai ka ce tunkiya ta ciji mai ita.

Su mutanen birni, Allah ya ba su haƙuri, a wurinsu farin sa farin sa ne. Sun manta wa zai kalla.

Ludayin ya suɓuce daga hannun Baturiya ya nutse cikin nono. Ita ma ta gane shi. Da wuƙar mijinta aka yi tsagar nan, tana tsaye.

"Na faɗa muku, kuka ce baƙin ciki nake."

Ɗahiru ne ya hau kan benci. Tun safe ya taho daga Dangora da abokansa, idonsa ja.

"Ina wurin a Doguwa. San ya ture shi, gaskiya ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma ya tashi yana murmushi ya kaɗe rigarsa. Jini ko ɗigo ban gani ba. Sai na zo na ga jini a talabijin kamar an yi layya."

"Murmushin ai na Fulani ne," in ji Lawal. "Ko a sharo haka suke."

"To san fa? Shi ma na sharo ne?"

Aka fashe da dariya. Ɗahiru ya ci gaba.

"Ni na ɗauki buhu na yi gudu har na yi amai, shi yana kwance yana shan nono. Na kai ƙara, an kuma karɓa. Ranar Asabar a Bebeji, ko ya buɗe cinyar alƙalai su gani, ko ya ɗauki buhu mu yi tseren da ya gudar wa. Tun jiya aka aika masa."

Baturiya ta tsamo ludayinta daga cikin nono. Ba ta san da aiken ba.

Sai ta ga takalman Buba a gabanta.

"Sannu da kasuwa, Baturiya."

"Sannu, Baffa. An yini lafiya?"

"Lafiya lau. Ga jama'a suna ta musu, ke kuwa gida ɗaya kuke kwana. Yaron nan, da ciwo ko babu?"

Ya san ba za ta amsa ba. Bafulatani ne, ya fi kowa sanin haka, shi ya sa ya tambaya a gaban mutane. Ni dai har yau ban yafe wa tsohon nan wannan tambayar ba.

Baturiya ta sunkuyar da kai ta ja faifai ta rufe ƙwarya.

"Ni ina na sani, Baffa. Nono nake sayarwa."

"Kun ji," in ji wani daga baya. "Uwarsa ma ta kasa cewa akwai."

"A bar wahalar da baki," Buba ya ce. "Rugar ba nisa. In an sallame la'asar mu taka mu je. Gani ya kori ji."

Suka amsa da murna kamar an gayyace su biki.

*

Ba ta jira nonon ya ƙare ba. Ta ɗora ƙwarya a ka ta yanki hanyar cikin dawa, tana sauri har zane na harɗe ta.

Abin da bakinta ya kasa faɗa a kasuwa, idonta ya daɗe da sani. Kwana tara ke nan tana kallon wancan ta gefen ido. Tuwon da yake cinye malmala uku, yanzu rabin ɗaya yake bari. In ya zaci ba kowa, a zaune yake sallah. Shekaranjiya kuma ta tsinci tsumma a cusa cikin dangar bayan bukkarsa, da jini baƙi-baƙi a jiki, irin wanda ake tofarwa. Ta wanke ta mayar inda yake, ba ta gaya wa kowa ba. Tsoro take ji, tsoron da ba ta ji irinsa ba tun rasuwar mijinta Hamidu.

Ta same shi zaune a gindin kanya, ga buhun dawa ɗaure a gabansa. Maraya na kwance kusa da shi yana tuƙa. Goggo Turai, ƙanwar babansa wadda ta raine shi tun yaye, tana tsaye a kansa riƙe da ƙugu.

"Gara da kika dawo," in ji Turai. "Zo ki ga mahaukaci. Tun azahar yake son ɗaga buhun nan, sau biyu yana zubewa."

Baturiya ta sauke ƙwarya. Ta zauna ta ba shi gefe, fuskarta na kallon Turai.

"Turai, tambayi wancan. Me ya kai Maraya cikin talabijin?"

Dikko ya sunkuyar da kai. Shi ma Turai ya kalla.

"Goggo, ki ce wa Inna ba komai."

"Turai, gaya masa Buba ya tsayar da hoton. Kasuwa duk ta ga tsagar kunnen."

Hannun Dikko ya tsaya a kan igiyar buhun.

"Goggo, ki ce mata na yi rantsuwa. Ba zan iya magana ba."

"Kai ka yi rantsuwa," Turai ta ce. "Ni ban yi ba. Ni na fige zakaran."

Baturiya ta ɗago.

"Wane zakara?"

"Goggo, don Allah."

"Rufe min baki, ban gama ba." Turai ta zauna daɓas a kan turmi. "Kwana biyu da dawowarsa daga Doguwa, kina kasuwa, sai ga motarsu. Mutum uku, da mai ɗaukar hoton. Wai sun zo duba shi. Ya ce musu ba zai iya tseren buhu ba, ƙirjinsa ne, nan ƙasan haƙarƙari, inda san ya buge shi da goshi. Babbansu ya ɗaga rigar ya duba, ya ce ai ba a ganin komai."

"Sai me?"

"Sai ya ce dama kaset ɗinsu ya ƙare daidai lokacin da san ya ture shi, ba su ɗauki wajen ba. Kuma ciwon da ba a gani, masu kallo ba za su yarda da shi ba. Sai da jini. Suka sayi zakarana ja, suka ce sadaka za su yi. Ni kuwa na ce wace irin sadaka ce ake tarar jininta a kwano? Na bi su fadama ta cikin gero. Na gan su sun kwantar da shi, sun zuba masa jinin a wando, sun jawo Maraya sun sa masa dusa a kafaɗa don ya sunkuyo. Sau huɗu suna cewa a sake."

"A cinya suka zuba."

"A cinya. Wai nan ya fi fitowa a hoto."

Baturiya ta rufe ido. Yanzu ta ga ramin gaba ɗaya. In ya buɗe cinya ranar Asabar, fata ce lafiyayya, ya zama maƙaryaci a gaban ƙananan hukumomi huɗu. Ciwon gaske kuma yana ciki, inda babu mai gani.

"Suka ɗauko Alƙur'ani daga mota suka ce ya dafa," Turai ta ƙarasa. "Wai sirrin aiki ne."

"Turai, tambaye shi. Don me ya yarda?"

Dikko ya gyara zama. Da ya yi magana, numfashinsa na yankewa tsakanin kalmomi.

"Goggo, ki ce wa Inna, sun ce gaskiyar ce dai za a maimaita. Na ji ciwo, sa ne ya ji mini. Ban ga ƙarya a ciki ba sai da na ga an sallami Ɗahiru."

"To ka yi kaffarar rantsuwar mana," in ji Turai. "Limaminmu Malam Bashir na nan. Ka ciyar da mutum goma ka faɗi gaskiya, shi ke nan."

"In na faɗa, wa zai yarda? Za su ce da ƙarya ta ƙare masa ya ƙago wata. Su kuma masu talabijin su ce ba su san zancen ba." Ya dafa buhun. "Wannan ne kawai ya rage. Na ci gurbin mutum ba da gumina ba. In ɗauka mu yi tseren, in ya ci ni ya karɓi abinsa. Ba za a riƙa nuna rugar Hamidu ana cewa ga gidan matsoraci ba."

"Turai," muryar Baturiya ta yi ƙasa. "Gaya masa na ga tsumman."

Dikko ya ɗago da sauri. A karo na farko cikin shekaru ya kalli fuskar uwarsa kai tsaye, sannan ya mayar da ido ƙasa.

"Wane tsumma?" in ji Turai.

Baturiya ta ci gaba kamar ba ta ji ba.

"Gaya masa wanda ke tofar da irin wannan ba buhu yake ɗauka ba, asibiti ake kai shi. Gaya masa in ya ɗora buhun nan a ka, ba zai kai rabin fili ba."

"Goggo, ki ce mata na riga na aika amsa. Na ce zan zo."

Baturiya ta miƙe. Ba ta yi faɗa ba, ba ta san yadda ake yi masa faɗa ba ma. Ta nufi turke ta kwance igiyar Maraya. San ya tashi da nauyi ya biyo ta.

"Ina kuma za ki da shi?" Turai ta tambaya.

"Titi. In sami motar shanu in kwana Bebeji. Ranar Asabar in tsayar da shi gaban akwatin ɗaukar hoton nasu, su gaya wa duniya a ina suka san shi. Ke kuma ki zo ki ba da labarin zakaranki."

"Ke? A gaban mutane? Kan maganar ɗan fari?"

"Kan maganar sa," in ji Baturiya. "San mijina ne."

"Goggo, hana ta. Za su yi mata dariya a talabijin."

Ba ta tsaya ba. Ta ja igiyar ta nufi hanyar dawa.

Daga can kuwa sai ga hayaniya. Ƙarrarawar kekuna, surutu, dariya. Sun fi mutum arba'in, Buba a gaba da sandarsa, Ɗahiru a gefensa, Lawal ma ya rufe rumfa ya biyo. Suna ganin san suka ɗauki sowa.

"Ga tauraron talabijin nan."

"Ku duba kunnen. Tsaga biyu, wallahi."

"Gudu za a yi da shi, mun zo a kan gaɓa."

Dikko ya ga uwarsa tsaye ita kaɗai gaban taron maza suna nuna ta da yatsa. Ya dafa kanya ya yunƙura.

"Ku yi magana da ni," ya ce. "Ga ni nan."

Ya tako da sauri, ƙafafunsa biyu garau, babu ko ɗingishi.

"Kun ga cinyar da aka soke," in ji Ɗahiru.

Taku na biyar ya tsaya. Ya dafe ƙasan haƙarƙarinsa. Ya yi tari ɗaya, sai jini ya biyo ta baki ya gangaro kan rigarsa. Ya durƙusa, ya yi ƙoƙarin murmushi kamar yadda aka koya masa tun yana yaro, sannan ya kife a kan ciyawa.

Turai ta yi kansa da gudu. Ta ɗago kansa ta kasa juya shi.

"Ku taimaka mini, jama'a. Ku kama mu kai shi titi."

Babu wanda ya motsa.

Abin da suka yi shi ne ya fi ba ni takaici a labarin nan kaf. Waiwaye suka shiga yi. Wannan ya leƙa bayan bukka, wancan ya ɗaga kai yana duba rassan kanya.

"Ina suka ɓoye mai ɗaukar hoton?"

"Yau kuma ta baki aka zuba."

"Tsohuwar ma ta iya."

"Ba wasa ba ne!" Turai ta ce, muryarta na fashewa. "Ku ji tsoron Allah."

Ɗahiru ya ɗaga ƙafa kamar zai matsa, abokinsa ya riƙe masa riga. Ido duk ya koma kan Buba, shi ake jira ya yanke. Tsohon bai kalli Dikko ba. Baturiya ya nuna da sandarsa.

"Ku dubi uwarsa," ya ce. "Ko motsi ba ta yi ba."

Gaskiya ne, ba ta motsa ba. Tana tsaye da igiya a hannu, fuskarta a gefe, kamar yadda ta tsaya ranar kaciyarsa, kamar yadda ta tsaya ranar da aka yi masa bulalar sharo. Ta gefen ido take ganin yatsunsa suna yaƙushin ƙasa, suna raguwa. Daga nan zuwa titi tafiya ce mai nisa, ita da Turai ba za su iya ɗaukar sa ba. Hannun mazan nan take bukata, su kuma abu ɗaya ne kawai ya rage da za su yarda ba a shirya shi ba.

Ta saki igiyar.

Ta ratsa tsakiyarsu, ɗankwalinta ya faɗi ba ta waiwaya ba. Ta zube a gwiwa, ta janye kansa daga hannun Turai ta ɗora a cinyarta, ta share masa baki da gefen zaninta.

"Rufa'i."

Makiyayan cikin taron suka sunkuyar da kai lokaci ɗaya. Sandar Buba ta sauko a hankali.

"Ku ciro ƙyauren can mu ɗora shi a kai," ya ce. "Lawal, hau keke ka tare mota, ko ta waye."

Ɗahiru ne ya fara rugawa.

"Rufa'i," ta sake cewa, tana girgiza shi. "Ni ce. Amsa mini."

Bai amsa ba.